Ranar da Muka Sauko da Alhaji Daga Dutse

Ina tara busassun ganyaye a ƙofar gidan da nake haya a Manassas, wata Asabar da hantsi a ƙarshen kaka, sai wayata ta yi ƙara a aljihu. Mijin yayata ne, wanda duk muke kira Alhaji.

"Kana ina?" ya ce, ko sallama babu. Nishi yake yi.

"Ina gida, Alhaji. Lafiya?"

"Na faɗi. A dutsen nan naku. Ƙafata ta ƙi taka ƙasa."

Alhaji shi ya kawo ni Amurka. Shi ya saya mini tikitin jirgi, kuma a ɗakin ƙasa na gidansa da ke Wheaton na zauna shekara biyu, har na gama karatu na sami aiki a wani kamfanin gina hanyoyi. Sana'arsa sayen tsofaffin motoci yana tura su gida ta ruwa. Mutum ne mai kyauta, kuma mai son a san ya yi kyautar. Abin da ya sa ya ce dutsen namu ne kuwa, a lokacin na yi shekara huɗu a wata ƙungiyar 'yan sa-kai da ke ceto waɗanda suka ɓata ko suka ji rauni a duwatsun da ke yamma da mu, tafiyar awa ɗaya da 'yan kai a mota. Wani abokin aikina ne ya ja ni ciki. Ba a biyan kowa ko sisi. Takalmi, hular kwano, rigar ruwa, man mota, duk daga aljihunka suke fitowa. Igiyoyi da gadon ɗaukar majinyaci kuwa, sai mun yi ta soya abinci muna sayarwa a bukukuwan ƙauyuka kafin mu iya sabunta su. Alhaji bai taɓa ɗaukar wannan aiki da daraja ba. Tun da na shiga ya laƙaba mini Sarkin Dutse, kuma da yake akwai wasa tsakanin mutum da ƙanin matarsa, ni ma dariya nake yi.

Kwana ɗaya kafin nan, ranar Juma'a bayan masallaci, na biya gidansa na ci abinci. Na tarar ya yi baƙi biyu daga Kano, abokan kasuwancinsa. Ya ce yana so ya kai su su ga yadda ganyaye ke rikiɗa ja da ɗorawa, su ɗauki hoto daga sama. Na ce ya bari sai mako mai zuwa in raka su, domin an kwana biyu ana ruwa, kuma sanyin da ke tafe zai daskarar da shi a kan duwatsu. Ya dubi baƙinsa ya ce, "Ku ji Sarkin Dutse. Mu da muka hau Dala da silifa tun ba a haife shi ba." Suka yi dariya, na yi dariya, aka ci gaba da cin tuwo.

Yanzu ga shi a waya yana nishi.

"Alhaji, kun kira lambar gaggawa?"

"Kada ka kira kowa."

"Alhaji, in karaya ce..."

"Na ce kada ka kira kowa! Ka san abin da za su caje ni in suka turo motar asibiti? Kuma gobe a ji a masallaci an sauko da ni a makara? Ka zo kai kaɗai da abin ɗaure ƙafa. Ku uku ai kun isa ku kama ni."

Abu na farko da muke koya wa duk sabon shiga shi ne, da ka ji wani ya ji rauni a dutse, ka sanar nan take, kuma kada ka kuskura ka tafi kai kaɗai. Ni da bakina na sha faɗa wa sababbi haka. Amma na ajiye tsintsiya, na jefa jakata a mota, na kama hanya ban kira kowa ba. Kusan awa guda ina tuƙi, wayar na kan kujerar gefe, ina kallonta ina kawar da kai. Ba wai ban san abin da ya dace ba ne. Na sani sarai. Kawai dai tun da nake ban taɓa ce wa mutumin nan a'a ba.

A gidan mai na ƙarshe kafin a fara hawa, inda waya ke daina kamawa sosai, na tsaya na sake kiransa. Ɗaya daga cikin baƙin ne ya ɗauka. Ya ce ƙafar ta juya gefe, ta yi sanyi kamar ƙanƙara, kuma Alhaji na karkarwa. A nan ne na kira shugabar ƙungiyarmu, wata tsohuwar nas da ta yi ritaya, mai furfura da gajeriyar magana.

"Yaushe ya faɗi?" ta tambaye ni.

"Ban san takamaimai ba," na ce.

Ba ta ja ba. Ta ce in jira a bakin hanyar hawa, kada in motsa.

Mu goma sha shida muka taru. Wani ya baro wasan ƙwallon 'yarsa, wata ta zo da rigar aikinta ta kanti a ƙarƙashin rigar ruwa. Muka raba kaya, muka hau. Awa biyu muka yi kafin mu kai, muna ɗauke da gadon a rabe gida biyu, da igiyoyi, da barguna. Gadon nan dogon kwando ne na ƙarfe, mutum shida ke riƙe shi, uku dama uku hagu, kuma gaskiyar Alhaji, da makara yake kama.

Mun same shi a ƙasan wani ƙaton dutse, bayan an wuce igiyar da aka gitta da allon da ke cewa kada a tsallaka. Ya tsallaka ne don hoton ya fi kyau. Faɗuwar ba ta wuce tsayin mutum biyu ba, amma a kan dutse ya sauka. Yana sanye da farar shadda da jaket, da takalmin fata sau-ciki wanda ƙasansa ya fi tire santsi. Baƙin nasa na tsaye daga sama sun rungume hannu. Da suka hango mu, ɗayan ya ɗaga waya ya fara ɗaukar bidiyo.

Alhaji ya ga yawan mutanen, ya dube ni, ya ce da Hausa, "Ashe ba ka jin magana."

Wanda ya fara sauka wurinsa da igiya wani mai gyaran famfo ne, mutum gajere mai faɗin kafaɗa, ya ba hamsin baya. Shi ya koya mini duk ƙullin igiyar da na iya. Ya tuɓe rigar sanyinsa ya lulluɓa wa Alhaji, ya zauna a bayansa ya jingina shi da ƙirjinsa don ya ji ɗumi, yana yi masa magana ƙasa-ƙasa kamar mai rarrashin doki. Shugabarmu ta yanke takalmin da almakashi, ta taɓa tafin ƙafar, na ga fuskarta ta canza. Ta ce sai an miƙar da ƙafar kaɗan don jini ya samu hanya, kuma zai yi zafi. Ta yi, ya kurma ihu, ta ɗaure. Bayan 'yan mintuna ta sake taɓawa ta gyaɗa kai.

Alhaji na jin Turanci sarai, da shi yake ciniki kullum. Amma a ranar ya zaɓi Hausa, don ya faɗi abin da yake so a gaban mutane ba su sani ba.

"Ka tambaye su ina jirgi mai saukar ungulu. Ko sai farar fata ake turo wa?"

Na tambaya ba tare da rabin maganar na biyu ba. Shugabar ta nuna gajimaren da ya sauko har kan bishiyoyi, ta ce babu matuƙin da zai tashi a haka, kuma ko da zai tashi, ba za ta sa ran mutum uku a haɗari ba saboda karayar da za a iya saukewa da ƙafa.

Muka ɗaure shi a gadon, muka ja shi sama da igiya, muka kama hanyar sauka. Wanda bai taɓa ɗaukar mutum a dutse ba, ba zai gane ba. Hanyar ba ta fi faɗin tabarma ba, sai masu riƙe gado su riƙa taka gefe, cikin duwatsu da saiwoyi da ganye mai laima. Hannu ɗaya ke ɗauke da nauyi, bayan minti goma ka ji kamar za a zare maka kafaɗa, sai a yi canji. Inda gangaren ya yi tsanani, sai mu jeru biyu-biyu muna miƙa gadon hannu zuwa hannu, na baya su zagayo su koma gaba. Alhaji kuma ba ƙaramin mutum ba ne.

Wata mata daga cikinmu ta tambayi baƙin ko ɗaya zai karɓi jaka guda ya rage wa masu ɗauka. Na fassara. Ɗayan ya ce bayansa na ciwo. Mai bidiyon ya ce hannunsa ba a sake yake ba.

Daga kwance Alhaji yake ta ba da umarni. "Ka ce su yi a hankali, ba buhun masara suka ɗauko ba." Can kuma, "Wannan matar ba ta da ƙarfi, ɓangarenta ke karkacewa, a cire ta." Matar malamar firamare ce, tafin hannunta ya riga ya fashe ta cikin safar hannu. Can kuma, "Kai, waɗannan mutane akwai nawa. Da a gida ne, da tuni yara huɗu sun sauko da ni." Baƙin suka yi dariya. Wanda aka goya bai san nisan tafiya ba, haka ake cewa, amma ban taɓa ganin wanda aka goya yana zagin bayan da ke ɗauke da shi ba sai ranar.

Wajen la'asar muka iso wani rafi. Ruwan bai kai gwiwa ba, amma duwatsun cikinsa sun yi gansakuka, gefe-gefe kuma da ɓawon ƙanƙara. Mai gyaran famfon ne a gaba ta hagu, ni ina bayansa. A tsakiyar rafin dutsen da ya taka ya juya. Da ya saki gadon, da ya faɗa ruwa ya tashi da jiƙaƙƙen wando, shi ke nan, amma da kan Alhaji ya bugi dutse. Bai saki ba. Ya tafi ƙasa a kan gwiwa ɗaya, ƙafar a murɗe, hannunsa a sama yana tallafe da gadon. Na ji ƙarar da gwiwar ta yi, kamar an karya ɗanyen rake. Bai yi ihu ba. Ya ce, "Wani ya karɓa," aka karɓa, sannan ya kwanta a cikin ruwan.

Muka ajiye gadon a tsallake. Shugabar ta duba gwiwar, ta ɗaure. Gado ɗaya gare mu, kuma akwai mai shi. Mai gyaran famfon ya ce kada a tsaya dominsa, rana na faɗuwa. Aka sare masa sanduna biyu, aka bar masa mutum ɗaya, ya biyo mu a baya yana jan ƙafa, babu rigar sanyi, domin tana jikin Alhaji.

Na durƙusa kusa da gadon ina gyara bargo. Na ce, "Alhaji, mutumin nan ya ji ciwo sosai. Don kada kanka ya bugu ne."

"To ai aikinsa ne. Ba biyansa ake yi ba?"

"Ba a biyan kowa a nan."

Ya yi tsaki. "Kai dai aka raina wa hankali. Bature na aikin banza ne?"

Shugabar na kusa, tana naɗe bandeji. Ta ce, "Me ya ce?"

Na ce, "Yana godiya ne."

Ta dafa kafaɗar Alhaji ta ce babu komai, ya kusa isa. Na tashi na koma gefe. Ban san wa na fi ƙyama ba a lokacin, shi ko ni.

Ana kiran magariba a wayar ɗaya daga cikin baƙin muka iso wurin ajiye motoci. Motar asibiti ta tafi da Alhaji. Mai gyaran famfon ya iso bayanmu da kusan awa guda, leɓɓansa sun yi shuɗi. Ya ƙi a kira masa wata motar, malamar nan ce ta kai shi asibiti a tata.

An yi wa Alhaji aiki sau biyu. Ƙafar ta warke, amma ta bar masa ɗingishi, kuma yatsu biyu ba sa ji. Mai gyaran famfon shi ma an yi masa aiki. Shi kansa yake yi wa aiki, ba shi da kamfanin da zai ba shi hutun jinya, kuma sana'arsa duk durƙuso ce a ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Inshorar ƙungiya ta ɗauki wani ɓangare na asibiti, sauran ya faɗo kansa. Wata biyar bai taɓa sifana ba. Mutanen da ya yi shekaru yana yi musu gyara suka koma wurin wasu, don famfo ba ya jiran kowa ya warke. Na faɗa wa Alhaji wannan a ɗakin jinyarsa, na ce ko da kati ne ya aika masa. Ya ce zai duba. Bai aika ba.

Bayan sanyi ya wuce, a taronmu na wata-wata da muke yi a ɗakin baya na wani ofishin 'yan kwana-kwana, shugabar ta fito da wata takarda. Ta sa tabarau ta karanta a tsaye. Daga lauyan Alhaji take. Ta ce ƙungiyarmu ta yi sakacin da ya wuce misali. Mun ɓata lokaci kafin mu isa, kuma jinkirin ne ya kashe jijiyoyin ƙafar. Mun ƙi kiran jirgi. Mun ja ƙafar ba da izininsa ba. Mun kusa yar da shi a rafi, kuma akwai bidiyo. Sunan mai gyaran famfon na ciki, a matsayin wanda ya yi gangancin. Yana zaune a wurin, ƙafarsa a miƙe a kan wata kujera.

Babu wanda ya dube ni. Wannan ya fi mini ciwo da a ce sun zage ni.

Shugabar ta ce doka na kare 'yan sa-kai, da wuya a ci mu. Amma kafin dokar ta kare ka, sai ka ɗauki lauya, ka tattaro takardu, ka yi ta amsa tambayoyi. Sannan ta ce abu ɗaya ne ya ɗaure mata kai. Lokacin faɗuwar da aka rubuta a takardar ya riga lokacin da aka kira ta da fiye da awa guda. Ina awar nan ta shiga?

Na miƙe na faɗa musu. Na ce ni ya fara kira, ya hana ni sanarwa, ni kuma na bi. Na ce da ta tambaye ni lokaci, na sani, na ɓoye.

 Wani matashin ma'aikacin lantarki ya ture kujerarsa ya fita. Shugabar ta cire tabarau ta ce, "Na dakatar da kai wata uku. Kuma za ka rubuta abin da ka faɗa yanzu, ka sa hannu." Na ce to. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Labari ya riga ni isa Wheaton, don lauyan ƙungiya ya sanar da na Alhaji cewa akwai shaida. Yayata ta tuƙo mota har Manassas, abin da ba ta taɓa yi ita kaɗai ba. Ta ƙi zama. Ta tsaya a tsakiyar falo da mayafinta da makullin mota a hannu.

"Mutumin da ya ɗauko ka daga gida, ya ciyar da kai, shi za ka tsaya a gaban Turawa ka ƙaryata?"

"Yaya, ba ƙarya zan yi masa ba. Shi ne ke yi wa mutane ƙarya."

"Ka san takardun asibitin da ke zuwa gidan nan? Ka san ba shi da inshorar kirki? Lauyan ya ce ba daga aljihun kowa za a fitar ba, kamfanin inshora ne zai biya."

"Sunan mutum aka rubuta a takardar, Yaya. Mutumin da ya ba shi rigarsa."

Idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Ni kuma a gidan zan kwana bayan ka gama gaskiyarka." Ta juya ta fita. Ita kaɗai ce a cikin lamarin nan ban ji haushinta ba.

Mako na zagayowa aka kira ni gidan wani dattijonmu a Takoma Park, likita ne da ya daɗe a ƙasar, shi ake kai wa ƙara in an saɓa. Na tarar da manya biyar a falo, ga shayi ga dabino. Alhaji na kan doguwar kujera da sandarsa, bai amsa gaisuwata ba. Na zauna a kan kafet.

Likitan ya yi magana mai tsawo a kan zumunci da zaman baƙunta. Ya ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ya ce ba wanda ya ce in yi ƙarya, Allah ya kiyaye, abin da ake nema kawai in ce na manta lokacin da aka kira ni. Wani malamin jami'a ya ƙara da cewa haka tsarin ƙasar yake, kowa ƙarar kowa yake kaiwa, Turawan ma da su ne haka za su yi mana. Waɗannan mutane ne da nake tashi in ba su wuri, masu digiri bisa digiri, waɗanda ke kuka kullum cewa rashin gaskiya ne ya kashe ƙasarmu. Ina kallon bakinsu yana motsi, na ture kofin shayina gefe.

Akwai wani tsoho ɗan Nijar, direban tasi, da ya kawo ɗaya daga cikinsu ya zauna jira a bakin ƙofa. Ba a tambaye shi ba, ya ce, "Ku gafarce ni. Ni dai ban yi lakwal ba, ba ni da boko. Amma wanga mutum da ya karye garin ɗaukar Alhaji, shi wa zai kai ƙara?"

Likitan ya ce, "Malam, wannan maganar ta gida ce."

Tsohon ya ce to, ya tashi ya koma motarsa.

Na ce musu na riga na rubuta, na sa hannu, kuma ko ban rubuta ba, kamfanin waya na da lokacin kowane kira. A nan ne Alhaji ya yi magana. Ya ce, "Na yi kiwon kare ya cije ni." Na ce Allah ya ba shi haƙuri, na nemi takalmana.

Maganar ba ta kai kotu ba. Da lauyan Alhaji ya ga takardata da bayanan waya, ya kuma kalli bidiyon da kyau, wanda a cikinsa ake ganin allon hani da mutumin da ya durƙusa a ruwa bai saki gado ba, sai ya janye jikinsa. Amma kafin nan an shafe kusan shekara. Kuɗin da muka tara don sababbin igiyoyi ya tafi wurin lauya. Kamfanin inshora ya ƙara mana kuɗi duk da ba a same mu da laifi ba. Mutum uku suka bar ƙungiyar, har da malamar nan, wadda ta ce ba za ta iya sa gidanta a caca ba saboda wanda ba ta sani ba. Mai gyaran famfon bai sake hawa dutse ba. Ya koma zama a mota a gindin dutse yana riƙe mana rediyo. Bai taɓa yi mini maganar ba, ko sau ɗaya, kuma na so ya yi.

Alhaji ya yi shekara biyu ba ya yi mini magana. Yayata takan kira ni daga wurin aikinta. Daga baya aka yi sunan jikarsa aka gayyace ni, muka gaisa sama-sama. A wurin na ji shi yana ba wasu baƙi labarin ɗingishinsa. A labarin nasa, da jan ciki ya yi rabin hanya, kuma ya yafe wa Turawan ne don shi ba mai son tashin hankali ba ne. Mutane suna ta cewa Allah ya saka masa. Na ajiye farantina da shinkafar a ciki na fita waje wurin yara.

Na koma ƙungiyar bayan dakatarwar, na ƙara shekara shida. Fita ta farko da na yi bayan komawata, wata tsohuwa ce ta zame a hanyar wani magangarin ruwa ta karya kwatangwalo. Ita kaɗai take tafiya, da takalmi mai kyau da sanda da komai, tsautsayi ne kawai. Mun same ta kwance a gefe ɗaya cikin laima, haƙoranta na haɗuwa, tana ta ba mu haƙuri wai ta ɓata mana Lahadi. Na buɗe jaka zan ciro bargo, sai shugabar ta miƙo mini wani allo da takarda a maƙale. Sabuwar ƙa'ida ce da lauya ya tsara mana: in majinyaci na cikin hayyacinsa, sai an karanta masa, ya yarda, ya sa hannu, an rubuta lokaci, kafin a motsa shi.

Shugabar ta durƙusa ta karanta mata shafin tun daga sama har ƙasa, da muryar da ban san ta da ita ba. Tsohuwar ta saurara, ta ce ta gane, ta ce tabbas wani ne ya taɓa cutar da mu. Sanyi da zafin ciwo suka hana ta riƙe biro. Ni na riƙe mata allon, na tallafi wuyan hannunta har ta ja wani layi karkatacce a inda aka nuna mata. Na duba agogo na rubuta lokaci. Sannan muka ɗaga ta.